Fashin Baƙi: Me ke sa sitiyarin tsohuwar mota rawa idan ta ɗauki gudu?

Me ya sa motar da ke tafiya lafiya lau daga Ƙofar Nassarawa zuwa Na'ibawa, da zarar an wuce Kura an ba ta wuta, maleji ya kai 90 ko 100, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannu? Me ya sa kuma wani lokaci idan gudun ya ɗan ƙaru sai karkarwar ta lafa kamar ba a yi ba?

Wannan tambaya ta yawaita a garejin Kano da majalisun masu son mota tun da aka gyara titin Kano zuwa Zariya. Lokacin da hanyar ke cike da ramuka, ba wanda ke samun damar riƙe gudu ɗari na tsawon minti biyar, kuma gargadar hanya tana rufe ta mota. Da kwalta ta yi sumul, sai ciwon da mota ta daɗe tana ɗauke da shi ya fito fili, har wasu na ɗora laifin a kan sabuwar kwaltar.

Waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne masu tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu, irin waɗanda ake gada a gida ko ake saye a tayar don sha'awa: Mercedes SL ta 1971 zuwa 1989, Peugeot 504 Coupé da ta fito a 1969, Datsun 240Z, ko MGB ta Ingila da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980. Mutum ya kashe kuɗi a fenti da kujeru da inji, ranar da ya fita gwada ta sai hannunsa ya yi ta kaɗawa. Ya je wajen mai alaimen, ya je wajen bakanike, ya je wajen mai taya, kowa ya faɗi nasa, kowa ya karɓi nasa, rawar tana nan. Abin da za a faɗa a nan ya shafi Golf da Sharan da Hiace ɗin haya ma, sai dai tsohuwar mota tana da nata ƙarin sirrin.

Ba kowace rawa ce iri ɗaya ba

Kuskuren farko daga bakin mai mota yake fitowa. Sai ya ce wa bakanike, "Malam, motar nan tana rawa," ya yi shiru. Bakanike kuma bai tambaya ba, ya ɗauko sufana. Alhali rawar da kanta tana faɗin inda ta fito, in an lura da lokacin da take zuwa da kuma inda ake jin ta.

Akwai wadda ke zuwa a wani gudu takamaimai, galibi tsakanin kilomita 80 da 110 a awa, a ji ta a sitiyari yana kaɗawa hagu da dama da sauri. Wannan kusan kullum daga tayoyin gaba take. Akwai wadda ake ji a kujera da ƙasan mota, sitiyari kuwa da sauƙi. Wannan a nemi tayoyin baya ko farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya. Akwai wadda ba ta zuwa sai an taka birki. Akwai mai bin ƙarar inji, ko mota na tsaye in an taka totur za a ji ta. Sai kuma mafi ban tsoro, wadda ke tashi bayan mota ta daki rami ko tudu: sitiyari ya riƙa fizga da ƙarfi kamar zai ƙwace, kuma ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. An fi ganin wannan a manyan motoci masu sandar ƙarfe ɗaya da ta haɗa tayoyin gaba biyu, irin tsofaffin Land Rover da Land Cruiser, kuma alama ce ta cewa kayan ƙasa sun yi sako-sako ƙwarai.

Alaimen daban, balansin daban

A Kano, duk abin da ya shafi sitiyari, maganar farko ita ce, "Alhaji, alaimen ne." A nan aka fi barin jaki ana dukan taiki.

Alaimen shi ne saita fuskar tayoyi: kada su kalli juna fiye da ƙima, kada su buɗe, kada su kwanta ciki ko waje. Idan ya lalace, mota na jan gefe guda, sitiyari ya karkace alhali ana tafiya miƙe, taya ta ci gefe ɗaya. Tayar da fuskarta ta karkace a karkace take tafiya koyaushe, ba ta da dalilin yin tsalle sau goma sha wani abu a sakan ɗaya. Balansin kuwa shi ne daidaita nauyin taya da rim ɗinta, ta yadda babu gefen da ya fi wani nauyi. Shi ne ake ɗora taya a na'ura ta juya, a maƙala 'yan guntayen dalma a bakin rim.

Mai alaimen yana da 'yar gaskiya a wuri ɗaya. Idan aka daɗe ana tafiya da mummunan alaimen, taya na cinyewa ba daidai ba, ta yi tudu da kwari, daga baya ita kanta ta fara kawo rawa. Amma a wannan lokacin ko an gyara alaimen ɗin tayar ta riga ta lalace, rawar ba za ta tafi ba sai an sauya ta. Shi ya sa mutum zai yi alaimen sau biyu ya dawo yana cewa mai aikin bai iya ba, alhali aikin da aka ba shi ne ba shi ba ne maganin.

Me ya sa sai a wani gudu?

Ɗauki taya mai lamba 205/70 R14, irin wadda Mercedes 450SL ke ɗauka. Zagayenta mita 2 ne da 'yan kai. A gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 14 a kowane sakan. Idan wani gefe na bakinta ya fi sauran nauyi da giram 30 kacal, a wannan gudun wurin yana fizgar taya da ƙarfin da ya kai na kilo 7, sama, gaba, ƙasa, baya, sau 14 a sakan. Ƙarfin kuma ba daidai da gudu yake hawa ba: in gudu ya ninka biyu, shi yana ninka huɗu. A gudun 50, giram 30 ɗin nan bai kai ƙarfin kilo 2 ba, shi ya sa a cikin gari ba a jin komai.

Amma in haka ne kaɗai, da rawar sai ta yi ta ƙaruwa ba ta lafawa. Dalilin lafawar shi ne, taya da ƙarafan da ke riƙe da ita suna zaune ne tsakanin iskar taya da sifirin, kuma suna da nasu saurin lilo na ɗabi'a, wanda a yawancin ƙananan motoci yake tsakanin sau 10 zuwa 15 a sakan. Idan juyawar taya ta zo daidai da wannan saurin, kowane bugu na ƙara wa na baya ƙarfi, sai rawar ta kai ƙololuwa. Da an wuce wurin sai su saɓa, hannu ya ji sauƙi. Duk mai fankar sama a ɗaki ya san wannan: fanka mai lanƙwasasshen fiffike takan yi ta girgiza a lamba uku, a mayar da ita biyar ta ɗan natsu, amma fiffiken bai miƙe ba.

Ina nanata wannan ne saboda wata muguwar shawara da ke yawo tsakanin direbobi, wai in ta fara rawa a ƙara mata wuta ta wuce wurin. Hannu ne kawai ya daina ji. Boris ɗin da taya ke juyawa a kansa, da boljoyin da tayarod, wato mahaɗan da ke riƙe taya suna haɗa ta da sitiyari, suna shan dukan da ya fi na ɗazu, kuma an haura kilomita 100 da dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci a babban titi.

Rashin daidaiton nauyi ma iri biyu ne. In nauyin yana tsakiyar faɗin taya, tsalle take yi sama da ƙasa. In ya karkata gefen ciki ko na waje, taya na kaɗawa hagu da dama, kuma wannan ne ke zuwa sitiyari kai tsaye. Saboda haka dalma biyu ake sawa, ɗaya ciki ɗaya waje. Masu motocin ƙwalisa kan hana a maƙala dalma a fuskar rim don kada ta ɓata ado, sai mai aiki ya tara duka a gefe ɗaya, na'ura ta nuna kamar an gama, rabin ciwon yana nan. Maganin wannan dalma mai gam ce, wadda ake liƙawa a bayan fuskar rim daga ciki.

Taya: shekarunta, zamanta, da facinta

Na'urar balansin nauyi take aunawa, ba ta auna ko taya tana nan a zagaye. Tayar da ta koma kamar ƙwai za a iya daidaita nauyinta tsaf, ta hau titi ta ci gaba da tsalle. A tsohuwar motar sha'awa wannan shi ne ciwon da na fi zargi kafin kowane.

Irin waɗannan motoci zama suke yi. Sai a rufe mota da tamfol wata uku, wata shida, a fito da ita ranar Sallah ko ɗaurin aure. Wurin da taya ta zauna a kan siminti yana baje wa. In zaman bai yi tsawo ba, bayan tafiyar kilomita 20 ko 30 taya ta yi zafi sai ta koma daidai, rawar ta tafi. In kuwa ta daɗe, musamman ba isasshiyar iska, a cikin zafin watan Afrilu na Kano da ke haura digiri 40, bajewar na iya zama ta dindindin. Don haka rawar da ke raguwa yayin da tafiya ke nisa, zama ne ya kawo ta. Wadda ke ƙaruwa yayin da taya ke zafi, a ji tsoronta, domin sau da yawa wayoyin ƙarfen cikin taya ne suka fara rabuwa da roba, kuma ƙarshen wannan fashewa ne.

Zanen taya yana yaudarar masu irin waɗannan motoci. Mota ba ta yawo, zane na nan raɗau, sai a ce ai taya sabuwa ce. A duba gefenta, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. In lambobi uku ne kawai, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, kuma har yau akan tarar da irin wannan a matsayin safaya a but ɗin motar gado. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar ƙera ta. Kamfanin Michelin kuwa yana cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta bai taɓu ba. Ana gardama a kan wanne ne daidai, kuma masu sayar da taya na ganin shekara huɗu ta yi tsauri. Ko wanne mutum ya bi, tayar da ta shekara 15 ta faɗi a duka biyun.

Ga kuma matsalar inda ake samo ta. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙerawa a Ikeja a 2008, aka koma dogaro da ta waje. Tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigo da su, amma kowa ya san tana cike da kasuwa, domin ita aljihu ke iya ɗauka. Don a rage wuri a kwantena akan cusa taya cikin taya, bakinta ya lanƙwashe tun kafin ta iso. Wasunsu kuma na ƙasashen ƙanƙara ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu mai laushi ce da ba a yi ta don kwaltar Kano da rana tsaka ba. Mai tsohuwar mota ya fi kowa faɗawa wannan tarko, saboda lambar tayarsa, inci 14 mai tsayin gefe, ta yi wuyar samu sabuwa.

Mai faci ma yana da nasa kason. Idan yanka ya yi girma aka shimfiɗa guntun tsohuwar taya daga ciki, an ƙara nauyi a wuri ɗaya. Ko facin kirki ne, da zarar an cire taya daga rim aka mayar ba a inda take ba, balansin ɗin da aka yi ya tashi. Alama da alli a gefen taya daidai bawul kafin a cire ta ya isa ya hana wannan. Da damina kuma, taɓo kan maƙale a cikin rim ya bushe. Mutum ya bi wani lungu a Ɗorayi ko Rijiyar Zaki bayan ruwa, washegari sitiyari na rawa, alhali wanki kawai take so.

Rim da yadda yake zama

Rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa bakin rim, kuma galibi bakin ciki ne ke lanƙwashewa, wanda ba a gani sai an cire. Idan aka ɗaga mota aka juya taya da hannu, aka kafa alli kusa da bakin rim, za a ga inda yake taɓawa da inda yake barin tazara. Abin da ya wuce milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, hannu zai ji shi a babban titi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ramin tsakiyar rim yana da aiki. Shi ne ke zama daram a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa, ya riƙe taya a tsakiya. Toyota Camry da Honda Accord na shekarun baya-bayan nan ramukan notinsu biyar daidai suke, amma ramin tsakiyar na Toyota milimita 60.1 ne, na Honda 64.1. Rim ɗin Honda zai hau Camry, noti ya ɗauru, amma akwai tazarar da za ta bari taya ta zauna a karkace. Na Mercedes 66.6 ne. Duk wanda ya je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya sayo rim don kyan fuskarsa, ya tambayi wannan awon, in ya fi na motarsa faɗi a nemo zoben da ke cike tazarar. Kusoshin ma ba ɗaya ba ne: na rim ɗin Mercedes na asali wuyansu zagaye ne, yawancin na kasuwa kuwa masu tsini ne. In aka haɗa su ba daidai ba, kusa na iya kwancewa a hanya.

Tsofaffin motoci suna da ƙarin nasu. MGB da Jaguar E-Type da ire-irensu da yawa suna zuwa da rim na wayoyi, wanda noti ɗaya babba ke riƙewa a tsakiya. Irin wannan ba ya zama daidai a na'urar balansin ta zamani sai da mazauni na musamman, domin a mota yana zama ne a kan wasu gefuna biyu masu gangara. In aka ɗaura shi yadda ake ɗaura rim ɗin Corolla, na'ura za ta ba da lamba, amma lambar ƙarya ce. Wayoyin ma kan saki; a bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe ana ƙwanƙwasawa, mai ƙarfi na ƙara, sakakkiya na amsawa a dushe. Haƙoran da rim ke shiga a kan hob in sun cinye, za a ji ƙwas lokacin tashi da lokacin birki. Notin nan kuma na dama da na hagu zarensu ya saɓa, da gangan aka yi don tafiya ta riƙa ƙara ɗaure shi. Bakaniken da ya musanya hob na dama da na hagu ya shirya wa taya ficewa. Wasu tsofaffin motocin Faransa masu noti uku, irin Peugeot 404, rim ɗinsu ma ba shi da babban rami a tsakiya, sai da farantin da ke kama shi ta ramukan noti.

Akwai gwaji mai sauƙi da mai mota zai iya nema cikin ladabi. Bayan na'ura ta nuna sifili, a ce, "Maigida, don Allah kwance ta ka ɗan juya ta ka sake ɗaurawa mu gani." In ta sake nuna sifili ko kusa da shi, aiki ya yi. In ta nemi wata dalma mai yawa, taya ba ta zama daidai a na'urar, ko na'urar ce ke son saiti. Haka nan in taya ɗaya ta nemi dalma ta haura giram 100, kada a yi ta liƙawa. A sauke iska, a juya taya rabin zagaye a kan rim, a sake gwadawa. Sabuwar taya mai ɗigon ruwan ɗorawa a gefe, wannan ɗigon wurin da ya fi sauƙin nauyi ne, ana saita shi daidai bawul.

Gardamar bakanike da mai taya

Bakanike zai ce kayan ƙasa ne: tayarod, boljoyin, bushin, shokozoba. Mai taya zai ce balansin ne. A ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Abin da ke juyawa ne ke haifar da rawa. Kayan ƙasa da suka saki su ne ke buɗe mata hanya ta iso hannu da ƙarfi. Sabuwar mota na iya shanye giram 15 ba a ji ba. Motar da ta shekara 45, robobinta sun bushe sun tsage, giram 15 ɗin nan sai ta girgiza har madubi. Shi ya sa mutum kan sauya tayarod rawar ta ragu, bayan wata biyu ta dawo, domin tayar da ta kashe na farko tana nan tana dukan na biyu. Wani kuma ya yi balansin sau uku a banza, saboda boris ɗin gaba ya yi lilo.

Kowace mota da inda take saki. Mercedes SL akwatin sitiyari gare ta, da wani hannu a ɗaya gefen mai bushin da ke cinyewa, da kuma ƙaramin shokozoba a kwance wanda aikinsa shanye kaɗawar sitiyari. In wannan ya mutu ya kamata a sauya shi, amma sabo na iya ɓoye ciwon taya na ɗan lokaci, don haka ba shi ne farkon abin saye ba. Datsun 240Z rak gare ta, wato sanda mai haƙora da ke karkata tayoyi a maimakon akwatin sitiyari, kuma robobin da ke riƙe rak ɗin a jikin mota su ne ke laushi. MGB kuwa shokozoban gabanta shi ne kuma hannun sama da ke riƙe da taya, in ya yi lilo duk ƙafar ta yi lilo. Shokozoban da ya mutu a kowace mota yana barin taya ta yi ta tsalle, sai ka shafa ta ka ji kwari-kwari a jere.

Abu biyu ke ba ni tsoro a garejinmu. Na farko, ɗaure kusar saman akwatin sitiyari don a kashe lilo. In aka wuce ƙima, sitiyari ya yi tauri a tsakiya, ya daina komawa da kansa bayan kwana, haƙoran ciki su cinye, kuma wannan akwati ba a samun sa da sauƙi. Na biyu, matse notin boris ɗin gaba har ƙarshe. Boris ɗin tsofaffin motoci masu jan baya ana saita shi ne da 'yar tazara ƙanƙanuwa. In aka matse shi zai yi zafi ya ƙone a hanya. Ga kuma motocin da aka juya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma motocin Ingila da na Japan da yawa sitiyarinsu a dama yake. Wadda aka mayar hagu da yanka da walda, a fara duba wannan aikin kafin komai.

Idan ba taya ba ce

Farfelar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya tana juyawa sau uku zuwa huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, saboda haka tata rawar ƙanana ce masu sauri, kamar gurnani a ƙasan kujera. Kuros ɗinta, wato mahaɗar da ke ba ta damar lanƙwasawa, ko robar tsakiya, ko faifan robar da Mercedes ke sawa a bakinta, su ake dubawa. In an taɓa raba farfela biyu aka mayar ba a kan alamarta ba, ita ma takan kawo haka. A motoci masu jan gaba irin Golf, shaf ɗin ciki da ya cinye yana girgiza mota lokacin da aka taka totur, a saki ya daina.

Ta birki kuwa ba ta ɓuya. Faifan birki in kaurinsa ya bambanta ko da da 'yan ɗigon milimita, ƙafa za ta ji feda na bugawa, sitiyari na kaɗawa, a saki birki komai ya tsaya. Tsatsa tsakanin faifai da hob, ko ɗaure noti da tsalle a kan sufana, suna cikin masu jawo shi. Birkin da ya kama bai saki ba, abin da ya zama ruwan dare a motar da ta daɗe a ajiye, yana sa rawar ta zo bayan an yi nisa, kuma rim ɗin gefen zai fi sauran zafi.

Ta ina za a fara?

Daga abin da ba ya cin kuɗi. A auna iska da safe kafin a motsa, a sa adadin da kamfanin motar ya rubuta, domin yawan iska na ƙara wa kowace rawa kaifi. A wanke cikin rim, a duba ko dalma ta faɗi ta bar tabonta, a karanta shekarar taya, a tabbatar noti sun ɗauru.

Sannan a fita gwaji da rana, a miƙaƙƙen titi mara cunkoso, ba tare da iyali a mota ba, kuma ba tare da wuce ƙa'idar gudu ba. A lura da gudun da take farawa da inda ake jin ta. A daidai wannan gudun a taka kuloci a bar inji ya sauka: in rawar ta tafi, a nemi inji da mazauninsa, in tana nan, abin da ke bin gudun hanya ne. A dawo a mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, in girmansu ɗaya ne. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, an kama ɓarawo ba tare da an sayi komai ba. In ba ta motsa ba, a ɗaga gaban mota a kan madogari mai ƙarfi, a kama taya sama da ƙasa a girgiza don jin boris da boljoyin, a kama ta gefe da gefe don jin tayarod da rak, wani yana kallo daga ƙasa ya ga inda ke motsi. Alaimen shi ne na ƙarshe, bayan an gama sauya duk abin da za a sauya, domin kowane sabon tayarod na rushe saitin da aka yi kafinsa.

Abin da ya shafi kowa

Mai motar sha'awa in ya ga dama ya rufe ta ya hau wata. Direban haya da ke jigila tsakanin Kano da Zariya ko Wudil ba shi da wannan zaɓin, kuma shi ne ya fi saba wa hannunsa da rawar har ya daina jin ta. Kuɗin balansin bai kai na taya ɗaya ba, amma barinsa yana cin taya da boris da tayarod kafin lokacinsu, a kan mutumin da kuɗin mai ya riga ya cinye ribarsa. Fasinjan da ke gaba ya ga hannun direba na kaɗawa yana da haƙƙin cewa, "Direba, don Allah a rage," kuma bai yi rashin kunya ba.

Rawar da aka daɗe da ita tana ba da lokacin zuwa gareji. Wadda ta zo farat ɗaya ana cikin tafiya, ko take ƙaruwa minti bayan minti, ba ta bayarwa, domin ko taya ce ke shirin fashewa, ko noti ne ke kwancewa, ko boris ne ke ƙonewa. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada a danna birki da ƙarfi, a kunna sigina a gangara gefe nesa da kwalta. A zagaya a shafa kowace taya ana neman kumburi, a kusantar da bayan hannu ga kowane rim a ji wanda ya fi zafi, a bi noti da sufana. In an ga kumburi, a sa safaya a wurin, kada a ce bari a lallaɓa zuwa Kwanar Ɗangora.